Wa ya kai igiyar awo can? Yadda tauraron da ya fashe ke nuna nisan sama

Malam, saƙonka ya iso ni. Ka ce kana koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma wani ɗalibinka ya ji a rediyo cewa masana suna auna faɗaɗar sararin samaniya da taurarin da suka fashe. Sai ya miƙe a aji ya ce: "Malam, wa ya kai igiyar awo can? Kuma in sun hango haske dishi-dishi, yaya suka san babba ne mai nisa, ba ƙarami ba ne a kusa?" Ka ce ka yi masa alkawarin amsa.

Ka gaishe mini da yaron nan, Allah Ya yi masa albarka. Tambayarsa ta biyu ita ce ainihin matsalar da masana suka shafe shekaru suna fama da ita, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Mu fara daga ƙofar gida. Daren Alhamis, duhun wata, kana zaune sai ka hango haske a hanyar da ta fito daga Maigatari. Ko yaro ne riƙe da tocila a bayan gari, ko babur ne can nesa yana dawowa daga kasuwa? Ido kaɗai ba zai raba maka gardama ba. Amma da zarar ka tabbata fitilar babur ce, kuma ka san ƙarfin fitilar babur, to dusashewarta za ta gaya maka inda take. Kuma abin yana da ƙa'ida tsayayya. In nisa ya ninka sau 2, hasken da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin 4. In ya ninka sau 3, ɗaya cikin 9. In sau 10, ɗaya cikin 100. Dalili kuwa shi ne haske bazuwa yake yi. Ka shanya mudun gero a tabarma, sannan ka sake shanya shi a wadda ta ninka ta a tsawo ta kuma ninka ta a faɗi: geron bai ragu ba, amma fili ya zama huɗu, kowane taƙi ya samu rubu'in abin da ya samu a da.

To ashe lissafin ba shi da wuya. Wuyar ita ce samun fitilar da ka san ƙarfinta. Taurarin da muke gani ba ɗaya suke ba, wani ya fi ranarmu haske sau dubu ɗari, wani bai kai kashi ɗaya cikin dubu nata ba. Kuma ko mafi hasken cikinsu ɓacewa yake yi in nisa ya yi nisa. Ana bukatar fitila mai tsananin ƙarfi, wadda kuma duk inda aka kunna ta ƙarfinta kusan ɗaya ne.

A nan tauraron da ya fashe ya shigo. Masana suna ce masa sufanoba, kuma iri-iri ne. Wanda ya shafe mu shi ne wanda suka yi wa lamba Ia, ana faɗinsa "ɗaya-a". Tauraro irin ranarmu, idan makamashinsa ya ƙare, yakan zubar da ɓawonsa ya bar ƙwaya mai zafi, girmanta kamar duniyarmu, nauyinta kuwa ya kusa na rana. Ana kiran wannan ƙwaya farin wada. Ta matse matuƙa, har cikin cokalin shayi ɗaya na jikinta zai kai tan 5, wato nauyin buhun gero 50. Jikin nata kabon ne da oksijin. In ita kaɗai ce, haka za ta yi ta hucewa har ta mutu. Amma taurari da yawa bibbiyu suke, suna zagaya juna. Sai wadan ya riƙa zuƙar iskar jikin abokinsa, ko kuma wada biyu su yi ta matsowa har su haɗe.

A shekarar 1930 wani saurayi ɗan Indiya mai shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, yana cikin jirgin ruwa zuwa karatu Ingila, ya lissafa cewa farin wada yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Iyakar ita ce kusan ninki 1.4 na nauyin rana. Idan wadan ya doshi wannan iyaka, matsi da zafin cikinsa sukan kai inda kabon zai kama da wutar nukiliya, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi tauraron gaba ɗaya ya tarwatse. Ka lura da abin da wannan ke nufi, Malam. Fashewar ba ta zuwa a kowane nauyi. Kamar mudu ce, tana da bakin da take cika. Tunda kayan iri ɗaya ne, yawansu kuma kusan ɗaya, hasken da za su bayar ma kusan ɗaya ne: a ganiyarsa yakan kai na rana biliyan 5. Tauraro guda yakan yi gogayya da hasken garken taurarin da yake ciki baki ɗaya, wato abin da ake kira galaksi.

Hasken nan ba walƙiya ba ce ta lokaci guda. Fashewar tana ƙera sinadarin nikel mai yawa, fiye da rabin nauyin rana, irin wanda ba ya zama lafiya. Rabinsa yakan rikiɗe ya zama kobalt cikin kwana 6, shi kuma kobalt rabinsa ya zama ƙarfe cikin kwana 77. Zafin wannan rikiɗa ne ke haskaka tarkacen. Shi ya sa hasken ke hawa na kusan mako 3, ya kai ganiya, sannan ya yi ta sauka wata da watanni. Ina son ka faɗa wa yaran cewa kaso mai yawa na ƙarfen da ke cikin fartanya da garmar iyayensu daga irin wannan fashewa ya fito, tun kafin a yi ranarmu. Ni har yau in na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Kuma kakanninmu sun taɓa ganin irinta da idonsu. A ƙarshen watan Afrilu na 1006 wani sabon tauraro ya bayyana a kudancin sama. Ali ibn Ridwan, likita kuma masanin taurari a Masar, ya rubuta cewa girmansa ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma ya ɗan ɗara rubu'in na wata. Masanan ƙasar Sin ma sun rubuta shi. A yau an gano tarkacensa, nisansa kusan tafiyar haske ta shekara 7,000, wato sai haskensa ya yi shekara 7,000 yana tafiya kafin ya iso mu, kuma irin Ia ne. Bisa lissafin da aka saba yi na sarakunan Kano, zamanin Bagauda ke nan, kuma daga ƙasarmu tauraron ya fi ɗagowa sama fiye da yadda aka gan shi a Alƙahira.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowa ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Da aka tara bayanan waɗannan fashe-fashe, sai aka ga ba su zama ɗaya sak ba: wani yakan fi wani haske ninki 2, har 3. Wasu ma alamu sun nuna sukan tashi kafin su kai iyakar nan ta Chandrasekhar. Da an tsaya a nan, da ɗalibinka ya ci gardama, domin fitilar da ba ka san ƙarfinta ba ba ta auna komai.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Mark Phillips, yana aiki a cibiyar duban taurari ta Cerro Tololo a tsaunukan ƙasar Chile, a 1993. Ya lura cewa waɗanda suka fi haske sun fi jinkirin dusashewa, marasa ƙarfin kuma saurin mutuwa suke yi. Ka dubi garwashin mai shayi: babban tuli ya fi ja, ya kuma fi daɗewa, ɗan ƙaramin kuwa nan da nan ya zama toka. Sai Phillips ya ce a auna yawan hasken da tauraron ya rasa cikin kwana 15 bayan ganiyarsa. Wannan adadi shi zai faɗa maka ko babban tuli kake kallo ko ƙarami. Wato fitilar da kanta take ba da labarin ƙarfinta, ta hanyar yadda take mutuwa. Mario Hamuy da abokan aikinsa a Chile suka bi sawun fashe-fashe kusan 30 suka tabbatar da ƙa'idar. Bayan wannan gyara, da gyaran launi da zan zo kansa, kuskuren awon nisa daga tauraro guda ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. A ganina wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, ko da yake ba shi aka fi yayatawa ba.

Saura tambayar igiyar awo. Ko da ka san fitilun ɗaya suke, dole ka auna nisan wasu daga cikinsu ta wata hanya dabam kafin ka san ainihin ƙarfinsu. Hawa-hawa ake yi, kamar tsani. Matakin farko kowane yaro zai iya gwada shi: ka miƙa hannu, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya sannan ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle a gaban bango. Duniya tana zagaya rana, don haka in aka dubi tauraro na kusa yau, aka sake dubansa bayan wata 6, zai ɗan gusa a gaban na nesa, kuma daga gusawar ake fitar da nisansa da lissafin kusurwa zalla. Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013, ya yi wa taurari fiye da biliyan 1 wannan awo. Mataki na biyu wasu taurari ne masu numfashi, haskensu na hawa yana sauka, ana ce musu sefid. Wata mata, Henrietta Leavitt, ta nuna a 1912 cewa wanda ya fi jan numfashi ya fi haske. Ana auna na kusa da dabarar yatsa, sannan a nemo 'yan uwansu a wasu garken taurarin. Mataki na uku, a nemi garken da ke da sefid kuma aka taɓa ganin fashewar Ia a cikinsa. Nan ake sanin ƙarfin fitilar. Daga nan sai a tafi da ita inda babu wani tauraro guda da ake iya gani, nisan tafiyar haske ta shekaru biliyoyi.

Nisa rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne yadda sararin ya miƙe tun da hasken ya taso. Ka samo robar ɗaure kaya a babur, ka zana mata layi mai lanƙwasa-lanƙwasa da alli, ka ja ta. Lanƙwasar za ta buɗe. Haske ma igiya-igiya yake tafiya, kuma in sararin da yake ratsawa yana miƙewa, igiyoyinsa sukan ƙara tsawo, launinsa ya karkata zuwa ja. Ana raba hasken tauraron kamar bakan gizo, a ga inda tambarin sinadarai ya faɗo, a gwada da inda ya kamata ya kasance. A nan ne ma ake gane irin Ia: akwai tambarin silikon ƙarara, babu na haidirojin. Hasken da ya taso shekara biliyan 5 da suka wuce yakan iso ya ƙaru da rabin tsawonsa, ma'ana tazarar da ke tsakanin garken taurari ta ƙaru da rabi a wannan tsakani. Georges Lemaître a 1927 da Edwin Hubble a 1929 su suka fara nuna cewa gwargwadon nisan garke, gwargwadon saurin nisantarsa da mu. To kowace fashewa tana ba ka abu biyu: tsawon tafiyar haskenta, da yawan miƙewar da aka yi a lokacin tafiyar. Ka tara na zamani daban-daban, ka samu tarihin faɗaɗar.

Matsalar ita ce a garke guda sai a yi ɗaruruwan shekaru ba a samu ko ɗaya ba. A namu garken, na ƙarshe da aka gani da ido shi ne na 1604. Dabarar da Saul Perlmutter da ƙungiyarsa a Amurka suka fito da ita za ta yi maka daɗi, domin da wata take tafiya. Bayan tsayuwar wata da kwana kaɗan, kafin farin wata ya yi ƙarfi, sai su ɗauki hoton dubban garke. Bayan mako 3, duhu ya dawo, su sake ɗaukar wuraren nan. Kwamfuta ta cire hoton farko daga na biyu, duk ɗigon da ya rage sabon haske ne. Ta haka suka iya yin alkawarin samun fashe-fashe da dama a lokacin da suka ɗiba, har su nemi izinin amfani da manyan madubai na hangen taurari tun kafin taurarin su bayyana. Ƙungiya ta biyu, ƙarƙashin Brian Schmidt a Ostireliya tare da Adam Riess, ta shiga tseren, kuma gasa ce ta gaske a tsakaninsu.

Abin da dukansu suka fita nema shi ne yadda faɗaɗar ke rage gudu. Hankali abin da ya ba kowa ke nan: ka jefa dutse sama, nauyi na jansa, gudunsa na raguwa. A 1998 sakamako ya fito. Ƙungiyar Schmidt da Riess tana da fashe-fashe masu nisa 16, ta Perlmutter tana da 42. Dukansu suka ga na nesan sun fi dusashewa da kusan rubu'i a kan yadda aka zata, wato sun fi nisa da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Faɗaɗar ba raguwa take ba, ƙara gudu take yi. Sun ɗauki lokaci suna neman kuskure a lissafinsu kafin su yarda su faɗa. Wannan shi ne abin da ya sa ni kaina na amince da aikin: ƙungiyoyi biyu masu hamayya, kowace da hanyarta, suka iske abin da babu wanda yake so ko yake tsammani a cikinsu. A 2011 aka ba mutum ukun nan kyautar Nobel. Abin da ke tura sararin kuwa aka sa masa suna baƙin makamashi, kuma lissafi ya nuna shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na duk abin da ke cikin halitta. Suna kawai aka ba shi, har yau masana ba su gano mene ne shi ba.

Na san abin da yaron zai ce, domin ɗan Jigawa ne, ya san hunturu. Zai ce: to in hazo ne fa? Fitilar babur a watan Janairu dishi-dishi take ko tana kusa. Gaskiyarsa, kuma akwai ƙura a sararin samaniya. Amma ka tuna yadda rana take komawa ja in hazo ya sauka. Ƙura ta fi tare shuɗin haske, ta bar jan ya wuce. Don haka ake ɗaukar kowace fashewa ta gilasai masu launi daban-daban, a ga yawan jan da ya ƙaru, a cire rabon ƙura. Wasu masana suka ce, to wataƙila akwai wata ƙura da ke dusasar da haske ba ta canja launi. Nan ma aka samu hanyar gwaji. In ƙura ce, gwargwadon nisa gwargwadon dusashewa, babu juyawa. In kuwa ƙarin gudu ne, akwai lokacin da ya fara: a farkon zamani komai a cunkushe yake, nauyi ya fi ƙarfi, dole faɗaɗar ta kasance tana raguwa, don haka fashe-fashen da suka fi kowanne nisa ya kamata su fi zato haske. Da madubin Hubble da ke sararin sama, Riess da abokansa suka samo irin waɗannan, suka bayyana sakamako a 2004, kuma sun fi zato haske. An daɗe ana rage gudu, sannan wajen shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce abin ya juya. Ƙura ba ta iya yin wannan.

Akwai wata shaidar da nake ƙauna saboda sauƙinta. In sarari na miƙewa da gaske, ba launi kaɗai zai miƙe ba, har lokacin aukuwar abin. Fashewar da haskenta ya ƙaru da rabi, abin da ya ɗauke ta kwana 20 mu za mu gan shi cikin kwana 30. An auna, haka aka samu.

Kada ka gaya wa ɗalibanka cewa magana ta ƙare, domin tsugune ba ta ƙare ba. Ana faɗin saurin faɗaɗar yau da adadi guda: duk ƙarin nisa na tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26, saurin nisanta yana ƙaruwa da kilomita kaza a daƙiƙa. Ƙungiyar Riess, ta hanyar tsanin nan, ta samu kusan 73. Kumbon Planck na Turai, wanda ya auna daɗaɗɗen hasken farkon halitta, lissafinsa ya ba da kusan 67. Tazarar ta fi abin da kuskuren awo zai iya ɗauka. Ko dai akwai matakin tsanin da ke da rauni, ko kuma akwai abin da ya ɓace a fahimtarmu ta sararin. Wata masaniyar taurari, Wendy Freedman, da ke amfani da wasu taurarin na daban a mataki na biyu, takan samu kusan 70. Ni inda nake sa ido shi ne mahaɗar mataki na biyu da na uku, domin a aikin ƙungiyar Riess na 2022 fashe-fashe 42 ne kacal, a garke 37, suke riƙe da ma'aunin duka. Akwai kuma tambayar ko farin wada na farkon zamani daidai yake da na yanzu, tunda an ga hasken yana ɗan bambanta gwargwadon irin garken da tauraron ya fito. Sannan a 2024 da 2025 wani babban aikin awon garken taurari mai suna DESI, da aka haɗa shi da bayanan fashe-fashen nan, ya nuna alamar baƙin makamashin yana iya raguwa da tafiyar zamani. Alama ce tukuna. Tarin da ake aiki da shi yanzu ya haura fashewa 1,500, kuma sabuwar cibiyar Vera Rubin a Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, za ta ninka wannan adadi sau da yawa.

Ga abin da nake so ka yi da yaran, ba ya bukatar wutar lantarki. Ka sayi kyandir 5 iri ɗaya. Ka samu farar takarda, ka ɗiga mata man gyaɗa ɗigo ɗaya a tsakiya. Da daddare, a ɗakin da babu wani haske, ka kunna kyandir 1 a gefe guda na dogon benci, 4 kuma a haɗe a ɗaya gefen. Yaro ya riƙe takardar a tsakaninsu yana matsar da ita a hankali. Ta ɓangaren da haske ya fi ƙarfi ɗigon zai yi duhu, ta ɗaya ɓangaren zai yi haske, amma akwai wurin da zai kusa ɓacewa, inda hasken ɓangarorin biyu ya yi daidai. Su auna da igiya. Za su tarar kyandir 4 ɗin sun ninka guda ɗayan nisa sau 2. Daga nan ka rufe ɓangare ɗaya da kwali yadda ba za su ga inda ka ajiye kyandir ba, ka bar ƙofar da haske zai fito, ka ce yaron da ya yi tambayar ya faɗi nisansa ba tare da ya je wurin ba. In ya ci, ka sake gwada shi da guntun kyandir mai ƙaramin harshe ba tare da ka gaya masa ba, ka bar shi ya gano da kansa dalilin da lissafinsa ya kauce.